Abin da Matar Bene Ta Faɗa

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na tsoron waya mai wuta. Amma ranar da 'yar ƙanwata ta shigo shagona, ta ajiye wani ɗan abu kamar yatsa, irin wanda ake zuba fim a ciki, a kan tebur ta ce, "Kawu, na samo fim ɗin Kaka," sai da na tsorata.

"Wane fim?" na ce, ina yi kamar ina neman sukudireba.

"Matar Bene mana. Wata uku ina nemansa. Ranar Asabar za mu kalla a gida, na gaya wa kowa. Kai za ka haɗa mana kayan kallo, Kaka kuma ya yi mana fassara kamar yadda yake yi a da."

Digiri muke ce mata a gida, don tun tana 'yar shekara biyar take gyara wa manya magana. Da ta shiga jami'a kuwa, cikin duk abin da ake karantawa a duniya ba ta ga wanda ya yi mata ba sai yaren mutanen da suka yi fim ɗin nan. Ta ce saboda kakanta ta zaɓa, tana so su riƙa gulmarmu su biyu ba mai ji. Shekara huɗu tana gaishe shi da yaren, shi kuma yana nuna mata kunnensa yana cewa tsufa ya toshe shi. Gaskiyar magana ita ce mahaifina bai taɓa jin yaren nan ba, ko a lokacin da kunnensa ke jin tafiyar kiyashi. A iya sanina kuma, ni kaɗai na san haka.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana aiki a silimar unguwarmu. Finafinan da ake kawowa duk da baƙon yare suke, don haka aka yi masa wani ɗan akurki na katako a gefen allo, da kujera, da makirfo. Masu fim su yi magana, shi kuma ya faɗa wa jama'a abin da suka ce. Har yau in ka tambayi tsofaffin unguwa gidanmu, sai ka ce gidan Tafinta za su gane. Ba shi da gona, ba shi da mota, bai gina komai ba. Wannan sunan shi ne abin da ya tara.

Yadda ya sami aikin kuwa, a samartakarsa ya yi shekara biyu yana wanke kwanuka a wani jirgin ruwa. Da ya dawo da hula da tabarau, mutane suka yanke hukunci da kansu cewa duk wanda ya tsallaka teku yana jin kowane yare. Mai silima ya kira shi, shi kuma yana da sabuwar mata ba shi da aikin yi, bai ce a'a ba.

Ni na gano ne ina ɗan shekara goma sha tara, lokacin ina kula da wayoyin wutar silimar. Injin majigi ya lalace, aka turo wani injiniya daga ƙasar masu fim ɗin. Mai silima ya ce madalla, ga Tafinta nan. Washegari Baba ya tashi da ciwon haƙori. Ya ɗaure haɓarsa da tawul, kwana uku ba ya iya cewa komai sai nishi. Injiniya na hawa mota haƙori ya warke. Da yamma na same shi a akurkinsa yana cin gyaɗa da gefen da ke ciwon. Muka kalli juna.

"Kalma huɗu na sani," ya ce. "Ruwa, zo, tafi, da wata ta zagi. In ka gaya wa uwarka, ban yafe ba."

Daga ranar ya bar ni ina ganin yadda yake aiki. Duk sabon fim, da safe zai zauna shi kaɗai a tsakiyar kujerun da ba kowa, mai majigi ya haska masa sau biyu. Ba ya sauraron magana, fuskoki yake kallo: wanda ya sunkuyar da kai, wanda ya kau da ido, wadda ta haɗiye abin da za ta ce. Yana ƙirga tsawon kowace magana da yatsunsa a kan gwiwa, sannan ya yanka tasa daidai da ita, kamar tela. Bakin ɗan fim na rufewa, nasa na rufewa. Na yi shekaru ina jin haushin ƙaryar, ina kuma alfahari da gwanintar, ban taɓa iya raba su ba.

Matar Bene ba shi ne sunan fim ɗin ba. Sunan gaskiyar ba wanda ya iya faɗa, sai unguwa ta raɗa masa nata. An fara kawo shi kafin a haife ni, kuma saboda yadda yake cika silima aka riƙa dawo da shi duk shekara. Fari da baƙi ne. Wani mutum da matarsa sun tare a wani tsohon gida mai bene. Awa guda cur ba abin da ke faruwa. Agogon bango na bugawa. Ruwa na ɗiga a wani wuri da ba a nunawa. Kullum su rufe ƙofar gida su sa sakata, kullum su same ta a buɗe. Ana jin takun mutum yana hawa matakala a hankali, amma ba a taɓa jin ya sauko ba. Babu jini, babu ihu, babu dodo. Yaran yanzu da suka saba ganin ana fille kai kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa ba za su gane ba.

A sauran finafinai Baba surutu yake yi, da barkwanci, har ya sa doki ya yi magana in ya ga jama'a sun fara hamma. A wannan kuwa murya yake saukarwa ƙasa-ƙasa, ya yi shiru mai tsawo, ba ka jin komai a lasifika sai numfashinsa. Ƙarfe huɗu na yamma ake haskawa, rana na waje tana dukan kwanon rufi, zufa na bin bayanka, amma hannuwanka sun yi sanyi. Mutum ɗari uku a ɗaki ɗaya, kana jin ƙarar kujerar wanda ya gyara zama.

Sai can kusa da ƙarshe ake ganin ta. Tana tsaye a saman matakala cikin doguwar farar riga, ta ba mu baya, maigidan yana ƙasa riƙe da fitila. Ba tare da ta juyo ba take magana, doguwa, a hankali. Abin da Baba ke faɗa a nan duk unguwa ta haddace shi:

"Ni na bar ƙofar a buɗe. Na ce yanzu zan dawo. Na dawo ban same ta ba. Ba tsorata ku nake yi ba, yarinyata nake nema. Shi ya sa nake buɗe ƙofar, ko za ta ga hanya. Wanda ya gan ta ya ce ta dawo gida, ba wanda zai yi mata faɗa."

Mutane kan fito da sauran rana amma su tafi gida a ƙungiya. Mai askin layinmu, wanda ke cewa ya taɓa kwana a maƙabarta, sau uku yana shiga, sau uku yana tunawa a tsakiyar fim cewa ya bar ruwa a kan wuta. Iyaye mata kuwa, a makon da ake nuna fim ɗin ba ka ganin ƙofa ko ɗaya a buɗe a unguwar. Yanzu silimar ta zama wurin ajiye katifu. Na taɓa leƙawa, akurkin Baba na nan, sun cika shi da filo.

Wannan ne fim ɗin da Digiri za ta zauna ta saurara da kunnen mai digiri, ita da bakinta ba shi da linzami, a gaban 'ya'ya da jikoki da surukai.

Ranar Juma'a na tafi gida na sami Inna a kicin tana yanka albasa. Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce Baba ya tsufa, zuciyarsa ba za ta ɗauki fim ɗin tsoro ba. Na ce yara za su yi mafarki. Ta bar ni na gama, ba ta ɗago ba.

"Faɗi abin da ya kawo ka," ta ce.

Na saɓa alkawarin shekara talatin da wani abu a tsaye a bakin ƙofar kicin. Na ce, "Inna, Baba ba ya jin yaren nan. Bai taɓa ji ba."

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ture albasar gefe da bayan wuƙa.

"Tun kafin a haife ka na sani."

"Shi ya gaya miki?"

"Shi? Ai sai dai haƙori ya sake ciwo." Ta goge hannu a zanenta. "Ka san kana da yaya."

Na sani, sama-sama. An ce an yi wata kafin ni, ta rasu tana shekara biyu. Ba a maganarta a gidanmu, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

"A lokacin akwai wani rami bayan layinmu, magina suka haƙa suka bari, ruwan sama ya cika shi. Ranar wani ya yi sallama da babanka, ya fita, bai ja ƙofar ba. Bai fi minti goma ba. Bayan wata biyu maƙwabciyarmu ta ja ni silima, wai in rage tunani. Ita ma ba ta san wane fim ake yi ba, baiwar Allah. Shi kuma bai san ina ciki ba. Ina zaune na ji muryarsa tana fitowa daga bakin matar nan. To ka gaya mini, wace mata ce a wata ƙasa ta san zancen ƙofarmu?"

Na rasa inda zan sa idona. Na kalli fim ɗin ya fi sau arba'in, na haddace maganar, na sha kwaikwayonta ina tsorata ƙannena, ban taɓa sanin mahaifina nake kwaikwayo ba. Kunya ta kama ni, da tausayi, har da ɗan fushi da ban san wa zan yi wa ba.

"Da kika dawo me kika ce masa?"

"Na zuba masa abinci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shi bai ɗauko ba, ni ban ɗauko ba. Aka haife ku, aka yi ta rayuwa."

"To, Inna, ki hana kallon nan. Ke kaɗai yarinyar nan ke jin maganarki."

Ta ɗauki wata albasar. "Je ka haɗa kayanka," ta ce.

Ranar Asabar bayan la'asar falo ya cika. Na kawo babban talabijin daga shago, irin na yanzu mai kama da faranti, wanda in ka buɗe bayansa ba ka ganin abin da za ka gyara. Muka rataya barguna a tagogi. Yara suka baje a kan darduma, surukai suka jeru a bango. Baba ya fito cikin rigarsa mai kyau, ya zauna a doguwar kujera, Inna a ɗaya ƙarshen, tsakaninsu filin mutum biyu kamar kullum.

Na sunkuya kamar ina gyara waya a bayan kujerarsa. "Baba," na ce a hankali, "in kana so, talabijin ɗin nan zai iya lalacewa yanzu. Aikina ne."

Ya yi ɗan murmushi. "Bar shi. Haƙorina na ƙarshe ya faɗi bara, ba ni da abin ɗaurewa."

Abin da na iya yi kawai shi ne na kashe rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. Digiri ta lura nan take.

"Kawu, ina rubutun?"

"Ga Tafinta a zaune kina tambayar rubutu? Zauna, don Allah."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar kakanta, tana murna. "Tsoho, yau zan ga iyakarka," ta ce.

"Ke dai riƙe zanenki, mutuniyar," ya ce mata.

Fim ya fara. Da farko muryar Baba na shaƙewa, sai da ya yi gyaran murya sau biyu. Kafin a yi minti goma ta dawo. Wallahi ta dawo, ita ce dai, ƙasa-ƙasa, mai sanyi, kowace magana daidai da bakin mai ita. Yatsunsa na ƙirge a kan gwiwa. Yaran da suka fara da dariyar rashin kala suka yi tsit. Wani ya ja jiki ya manne da uwarsa. Na rufe ido na ji kamar ina jin warin katakon kujerun nan da zafin fitilar majigi, har na manta abin da nake tsoro.

Da na buɗe ido na kalli Digiri, sai na tuna. Murmushinta ya tafi. Ta kalli allo, ta kalli kakanta, ta sake kallon allo. Ta buɗe baki, ta juyo wajena, na girgiza mata kai kaɗan. Ta rufe bakin. A rayuwata ban taɓa ganin yarinyar nan ta haɗiye gyara ba sai ranar, kuma ta yi ta haɗiyewa har awa guda.

Aka zo kan matakala. Matar ta bayyana, ta ba mu baya. Baba ya faɗi maganar tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko kalma ba. Tsikar jikina ta tashi, amma ba irin tashin da ba. Inna tana kallon allo, hannuwanta a kan cinya.

"Tsayar da shi," in ji Baba.

Na danna. Matar ta daskare a saman matakala.

Ya dubi Digiri. "Mutuniyar, da karatun fuska na ci abinci. Taki ba ta da wuyar karantawa." Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ban iya yaren nan ba. Ban taɓa iyawa ba. Duk abin da kuka ji na faɗa, ni na ƙirƙira."

Mijin ƙanwata ya sunkuyar da kai yana duba farcensa.

"Shekara hamsin da uku ina so in san abin da matar nan ta ce," Baba ya ci gaba, "ba ni da wanda zan tambaya. Gaya mini."

"Kaka, a bar shi mana."

"Gaya mini. Kar ki yi mini kara."

Idonta ya kawo ruwa. Ba ta iya ƙarya ba, ba ta gado shi ta nan ba. Ta ce, "Cewa ta yi gidan nata ne. Mahaifinta ya gina, aka ƙwace mata. Ta ce su tattara kayansu su fita, ƙofa ga ta nan a buɗe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kaka."

Wata ƙaramar jika ta ɗago daga kan darduma. "To yarinyar fa? An gan ta?"

"Babu yarinya a fim ɗin," in ji Digiri, da kyar.

Baba ya gyaɗa kai a hankali, ya yi ta gyaɗawa. Ya yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito ba. Na ga ya ƙanƙance a cikin rigar, na ji kamar in ɗauki talabijin ɗin in maka da ƙasa. Da na bi son raina tun farko na tsinke waya ɗaya, da yanzu ana zagin kamfanin da ya ƙera shi ana shan shayi.

"Sake shi kaɗan," in ji Inna.

Na dube ta. Ta nuna mini rimot da haɓa. Na danna. Hoto ya koma kan maigidan da ke ƙasan matakala da fitilarsa. Ya ɗaga kai, ya yi wata 'yar magana gajera, muryarsa na rawa. A duk shekarun nan Baba bai taɓa fassara wannan wurin ba. Shiru yake yi, mu kuma muna ɗauka salo ne.

"Tsaya nan," ta ce. Na tsayar.

"Malam, kullum kana tsallake wannan. Yau ni zan fassara." Ba ta kalle shi ba, allon take kallo. "Cewa ya yi, ba ke kaɗai ba ce a gidan ranar. Ina cikin ɗaki, idona biyu. Na ji ba a ja ƙofar ba. Na ji tafiyarta ta wuce ta gindin taga. Na ce bari in ƙarasa ninke kayan nan tukuna."

Yara suka juya suna kallon Digiri, suna jira ta ce daidai ne ko ba daidai ba. Ta sa fuskarta a cikin gwiwoyinta.

Baba ya ce, "Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Tun ranar yake son faɗa, bai iya ba."

Baba ya miƙa hannu yana lalube a kan kujerar, ta filin nan da ke tsakaninsu, har ya sami gefen zanenta ya riƙe. Ba ta janye ba.

"Sake shi," ya ce mini.

Na danna. Fim ya ci gaba da yarensa, ba wanda ya ƙara fassara komai har ya ƙare.